Sunan da Adda Ta Ƙi Faɗa

Unguwar Zaitawa,
Birnin Kano.

Zuwa ga Kawuna, Alhaji Hambali, a Duwala.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, irin wadda ta kamata daga 'ya zuwa ga uba, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna Mero da yaran gida baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a kasuwa, ya kawo sauƙin ciwon gwiwar nan da aka ce ya matsa maka da damina. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Mahaifiyata Adda tana nan da ƙarfinta, bakinta kuwa ya fi ko'ina a jikinta lafiya. 'Ya'yana Nazeer da Nana Hadiza suna zuwa makaranta, Nazeer ya kusa sauka. Autarmu Sa'adiyya tana ɗakinta a Mandawari, ko da yake kusan kullum a nan gidan take wuni, kamar ba a taɓa kai ta ko'ina ba.

Saƙon muryar da ka turo ya iso, na kuma saurare shi har ƙarshe duk da tsawonsa. Ka ce na ɗauki yayarka, dattijuwa mai jikoki, na baje ta a wayar kowa da kowa, har a Duwala abokan kasuwarka suna nuna maka. Ka ce in abin da kake aikowa ne bai isa ba in faɗa a ƙara, amma in cire Adda daga wannan shirme. Ban kira ka ba, Kawu, domin na san halinka a waya, ba ka bari mutum ya kai aya. Da na ji Malam Mailafiya zai taso wajenku sai na ce bari in rubuta in haɗa masa da kuka da daddawarka. Takarda dai ba za ka iya katse ta ba, sai ka karanta ko ka ajiye.

Tun da Allah ya yi wa maigidana Malam Maharazu rasuwa na gama takaba na dawo gidan nan da yarana, ban da abin yi sai zama. Ba raina abin da kake yi mana nake ba, Allah ya saka maka da alheri, amma mace mai hannu da ƙafa ba ta jin daɗin ta zauna tana jiran ƙarshen wata ya zo daga wata ƙasa. Sa'adiyya ce ta nuna mini wannan sana'a. Kai da ka bar Kano tun shekarar da soja suka koma bariki, lokacin da waya sai gidan wane da wane, na san abin zai yi maka kama da wasan yara. To ba wani abu ba ne, dillanci ne, irin wanda Gwaggo 'Yardada ta yi har ta tsufa. Ita da ƙullin kaya a ka take shiga gida gida, ni kuwa bidiyo nake yi ya shiga a madadina. Akwai wani shago a intanet mai sayar da kayan girki. Ni ba na riƙe kaya, ba na karɓar kuɗin kowa, nawa kawai in nuna abu in yabe shi. Wadda ta gani ta yi sha'awa, ko ta danna abin da suke ce wa link a ƙasan bidiyon, ko ta kira shagon ta faɗi sunan dillaliyar da ta turo ta, sai a rubuta mini la'ada. Da suka tambaye ni sunan da za a sa, ban yi wani dogon tunani ba na ce Mardiya, ai shi ne nawa. Suka ce gwaji ne, duk wadda aka ga watan azumi ba a yi ciniki da sunanta ba za su sallame ta su ɗauki wata.

Farkon abin wahala ce zalla. Tukunya ɗaya suka aiko mini, irin mai murfin kulle ɗin nan da take narkar da ganda da ƙafar sa nan da nan, in ta nuna kuma ta yi fito. Ba ni da abin kafa waya, sai na kifa turmi na jingina ta da gwangwanin madara cike da yashi. In na fara magana injin markaɗen gidan Malam Mamman ya tashi. In ya yi shiru akuyar maƙwabta ta karɓa. In ita ma ta gaji sai rana ta juya, fuskata ta koma kamar gindin tukunya. Akwai ranar da na zuba bayani tiryan-tiryan har ina jin daɗin kaina, ashe wayar ta zame, bango take kallo. Waɗanda na samu suka fita kuwa, in ka cire ni da Sa'adiyya da ƙawayenta, sauran masu kallon ba za su cika tabarma ba. Ga data tana ƙarewa ba ta ko sallama.

Sannan ga matan unguwa, Allah ya bar mu tare. Su a ganinsu shago na buɗe. Sai a yi sallama a zauna, a gaisa har a tambayi lafiyar kaji, sannan a ce in fito da tukwanen su zaɓa, in kuma yi musu ragin maƙwabtaka. In na ce ba ni da kaya, a waya ake saye, sai su dube ni kamar na ɓoye su a ƙarƙashin gado. Da aka yi haihuwa a gidan Malam Mamman sai ga aike, wai a ba su aron tukunyar nan mai fito. Ka san a cikin birni ba a hana aron tukunyar suna, sai dai in mutum yana so a yi shekara ana zancensa. Daga can ta wuce gidan biki a Mandawari ba tare da an tambaye ni ba. Da ƙyar na karɓo abata, duk ta yi baƙi, ni kuwa ina zaune ba abin nunawa.

Adda da farko ba ta ko son ganin tukunyar. Ta ce abin da za a kulle wa baki yana huci ba na zaman lafiya ba ne, wata rana sai ya tashi da rufin madafi. Da ta fara fito sai ta ɗauki carbinta ta koma zaure. To ran nan ina ɗaukar farfesun ƙafar sa, ban san ta biyo bayana ba, ita kuma ba ta san wayar tana aiki ba. Sai ji na yi an fizge ludayi daga hannuna, tana tambaya wace ce ta koya mini zuba daddawa a ƙarshe, ko a gidan wa aka taɓa yin haka. Ta ɗanɗana romon, ta tsamo ganda ta kai baki, ta tauna da 'yan haƙoran da suka rage mata. Can ta ce to, wannan ko marar haƙori ko ɗaya zai ci ya ƙoshi, amma gishiri ya yi kaɗan, ta ajiye ludayin ta wuce. Ni haushi ya kama ni, zan goge bidiyon ke nan Sa'adiyya ta riƙe hannuna. Wallahi, Kawu, ba mu saka shi ba sai da muka nuna mata. Ta kalla, ta ce a maimaita, ta sake kalla, ta ce mayafinta ya karkace amma a bar shi haka. Yanzu ita ce da hantsi ya yi take leƙowa tana tambaya ko yau babu aiki ne. Saboda haka zancen wai na tilasta mata, ka ajiye shi gefe.

Bidiyon nan ya tafi inda ban taɓa zato ba. Mata suka riƙa tura wa juna a Wasaf, daga zauren 'yan biki zuwa na 'yan Islamiyya, har ya iso muku. Muka ƙara wasu, tana yi mini faɗa a kan wake, tana yi mini faɗa a kan kayan ciki, mutane suna ta dariya suna sa mata albarka. Ni ma har na fara taka ƙasa da ƙarfi. Sai da na duba wajen la'ada na ga wayam. Ashe in aka tura bidiyo daga hannu zuwa hannu, rubutun da ke ƙasansa ba ya bin sa, link ɗin ya tsaya a baya. Masu son Adda kuma sa'o'inta ne da ƙannenta, da yawa ba sa karanta boko, masu karantawar ma ba su da lokacinsa. Lambar shagon da ke jikin kwalin tukunyar suke sa a kwafo musu, su kira su ce a kawo musu tukunyar tsohuwar nan mai faɗa. Shago yana ta ciniki, ni ko sisi. Na kira yarinyar da take kula da mu a shagon, mai ladabi da ita, ta ce ta tausaya mini, amma na'urarsu ba ta san wata tsohuwa ba, suna kawai ta sani. Ta ce gyaran mai sauƙi ne, Hajiya ta faɗa da bakinta a cikin bidiyon cewa duk mai saye ta ce daga Mardiya. Na ce mata to, na kashe wayar na zauna ina kallon turmi.

Kawu, kai ne shaida. Ni ce ta fari, kuma tun ranar da aka raɗa mini suna Adda ba ta taɓa ɗora shi a harshenta ba. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Kaka a Mandawari, a can na tashi a tsakaninku, shi ya sa har yau nake ce mata Adda yadda na ji kuna faɗa, ƙannena kuwa Umma suke cewa. In tana nemana, ke. In tana zancena da wani, waccan, ko 'yar Mandawari, in karamcin ya motsa ta ce uwar su Nazeer. Ko wata Mardiyar ce daban a unguwa sai ta ce mai sunan waccan. Na san kunya ce irin ta gidanmu, wadda kakanni suka taho da ita tun suna bin shanu, na kuma san ita ma haka Kaka ta yi mata har ta koma ga Allah. Ban taɓa ɗaukarsa ƙiyayya ba. Amma na ce a raina, wannan ai sana'a ce, kalma ɗaya ce, ta faɗa a wuce wurin.

Sai ka ga yadda muka kwashe. Za ta zuba bayani tas, ta yabi tukunya, ta kushe girkina, da an zo wajen suna sai ta ce ku faɗi sunan waccan, tana nuna ni da haɓa. Na ce Adda, masu kallo ba su san waccan ba. Muka sake, ta ce ku faɗi sunan mai riƙe da wayar. Muka sake, tari ya taso mata daga inda babu, wai a ba ta ruwa. Da na matsa sai ta tashi ta kakkaɓe zane, ta ce wace irin sana'a ce wannan da sai mace ta tsaya gaban duniya tana kiran 'yar fari kamar mai tallan goro. Ta ce a zamaninsu wadda ta yi haka ba ta ƙara ɗaga kai a gidan biki. Na ce zamanin ya wuce. Ta ce ita ba ta wuce ba tukuna.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne dabarar da ta ƙirƙiro da kanta, ba ta shawarci kowa ba. Ranar muna yi kai tsaye ne, irin wanda mutane suke kallo a lokacin da ake yinsa, babu damar gogewa. Tana cikin bayanin dafa wake, fuska a sake, sai kawai ta ce duk mai son tukunyar ta ce daga Sa'adiyya, ai duk ɗaya ne, ciki ɗaya suka fito. Sunan auta ai ba ya yi mata nauyi, ko cokali ta nema sai ta kira shi. Kafin in rufe bakina an yanki wurin an fara turawa. Ashe a cikin dillalan shagon akwai wata Sa'adiyya a Kaduna, wadda ban taɓa gani ba, ban san gidansu ba. Baiwar Allah tana zaune la'ada ta riƙa sauko mata, ina jin ta ɗauka addu'arta ce ta karɓu. Da na faɗa wa Adda, sai ta ce Allah sarki, rabonta ne, ƙila ma ta fi mu buƙata. Don kada in yi saɓo na fita tsakar gida na sake wanke kwanukan da na riga na wanke.

Na san abin da za ka ce, domin kowa ya faɗa kafin kai: a canza sunan mana. Yarinyar shagon ta ce ana canzawa, ba komai ba ne. Sa'adiyya ta ce a sa Zaitawa, wannan ko a barci Adda za ta faɗa. Na ƙi. Sha'aban yana ta tafiya, ana ta lissafin azumi, ni kuwa na kafe. Ran nan Sa'adiyya ta tare ni a madafi ta ce ita ba ta taɓa ganin taurin kai irin nawa ba sai na Umma, za a sallame ni a banza saboda abin da na san ba zai yiwu ba. Nan na fashe. Na tuna mata ranar da Malam ya rasu, yadda kowa ya shigo ya riƙe ni, ya kira sunana ya ba ni haƙuri, har waɗanda ban sani ba. Adda ta zo ta zauna can bakin ƙofa cikin maƙwabta, ta ce Allah ya jiƙansa kamar yadda kowa ya ce, ta aiko Gwaggo ta ce mini in daure in ci abinci. Na san tuwon da na ci har na fita takaba daga hannunta yake, na san ita ta kwana da Nana Hadiza da ta yi ƙyanda. Ban manta ko ɗaya ba. Amma na haura arba'in, na binne miji, kuma ko da abin kunya ne in faɗa, ina so in ji sunana a bakin uwata ko sau ɗaya ne, ko da a tallan tukunya ne. Ina faɗa ina kuka, ita ma Sa'adiyyar ta kama. Sai da muka yi shiru na tuna bangon madafi shi ne bangon ɗakin Adda, kuma rediyonta da ba ya mutuwa a kashe yake. Na san ta ji mu sarai, amma ta nuna kamar ba ta ji ba. Sai dai kwanakin da suka biyo baya faɗanta ya ƙaru, ko shara na yi sai ta ce na bar lungu.

Ana cikin haka wata Asabar da la'asar muka yi baƙi. Wata Hajiya ce daga wajen Ƙofar Dawanau ita da ƙawarta, sun ajiye mota a bakin titi sun biyo lungu suna tambayar gidan tsohuwa mai tukunya. Ta kawo wa Adda turare da atamfa, ta ce mahaifiyarta ba ta da lafiya, ba abin da yake sa ta dariya sai faɗan Adda. Mace ce mai kirki, ba zan yi mata ƙarya ba. Sa'adiyya ta biyo daga barka, ta sha kwalliya, tana zaune kusa da Adda. Ni kuwa ina bakin rijiya da tsohon zane ina goge gindin tukunya, hannu duk toka. Da aka ce mata wannan ce Sa'adiyya sai ta rungume ta, ta ce ai da sunanta ta saya, har ta saya wa 'yarta, Allah ya yi mata albarka yadda take riƙe da uwarta. Na haɗiye wannan ma. Na wanke hannu na kawo ruwa a faranti na ce Adda ga ruwa, ta ce ke, ajiye nan. Sai baƙuwar ta dube ni sama da ƙasa cikin yabawa, ta ce wa Adda ta yi dace da 'yar aiki, ta daɗe tana lura da ita a bidiyo, ga tsafta ga haƙurin faɗa, irinsu sun yi wuya yanzu. Ta tambaya daga wane ƙauye aka samo ni, kuma ko Adda za ta ara mata ni bayan Salla, tana da biki, za ta kula da ni yadda ya kamata.

Sa'adiyya ta buɗe baki, Adda ta ɗaga mata hannu. Ni ina durƙushe da farantin, ban ɗaga kai ba, kuma da gangan na ƙi cewa komai. Ka san hanyoyin fita suna da yawa, Kawu. Da Adda ta ce 'yar gida ce, ya isa. Da ta ce yayar wannan ce, duk macen da ta tashi a Kano za ta gane sauran. Baƙuwar ta gyara zama tana jiran amsa. Sannan Adda ta ja mayafinta gaba, ta kafa ido a kan tabarma, ba ta kalli inda nake ba. Ta ce wannan ba 'yar aiki ba ce, 'yarta ce ta cikinta, ita ta fara haifa, sunanta Mardiya. Ta ce duk abin da suke gani a waya aikinta ne da wahalarta, in za su saya sunan da za su faɗa ke nan. Ta fito da sunan a hankali kamar mai sauke tulu daga ka. Baƙuwar ta rufe baki tana salati, ta ce ashe 'yar fari ce, ta shiga ba da haƙuri. Haƙurin da ta ba Adda ya fi wanda ta ba ni, domin ta gane abin da ta sa tsohuwa ta yi. Ni ban san yadda na ajiye farantin ba. Na shige madafi na zauna a kan kujera 'yar tsugunne na yi kuka mai isata, kuma ba na jin kunyar faɗa maka.

To ina wayar, za ka tambaya. Tana shagon mai caji a bakin lungu, domin tun safe babu wuta. Ta Sa'adiyya kuma tana cikin jaka a ɗaki. Na gaji da kafa waya a gaban matar nan, na ƙarar da data, na sha faɗa, na sha dariyar unguwa, sai ranar da babu ko ɗaya a kusa ta ga damar buɗe baki. Baƙin suna fita Sa'adiyya ta ruga ta ɗauko tata, ta durƙusa tana roƙo, Umma don Allah a maimaita, ko a hankali ne. Adda ta dube ta kamar ba ta taɓa ganinta ba. Ta ce ita ba ta san zancen da ake yi ba, ba ta ce komai ba, kunnuwanmu ne, yaran yanzu waya ta lalata musu ji. Ta ɗauki buta ta yi bayan gida, alhali magariba da sauranta.

Washegari da safe na kira shagon na ce a canza sunan zuwa Zaitawa. Sa'adiyya kamar ta dake ni. Ta ce yanzu da bakin ya buɗe, in aka ƙara matsawa kaɗan za ta sake, shi ne zan janye. Na ce ba na so a matsa. Wanda na ji ya ishe ni, kuma ba na son a riƙa tura shi daga waya zuwa waya ana dariya. Zaitawa kuwa Adda tana faɗarsa da ƙarfi, a farkon bidiyo da tsakiya da ƙarshe, har inda ba a buƙata, kamar ita ta kafa unguwar. La'ada ta fara shigowa kafin a ga wata, shagon sun ce in ci gaba, sun ma ce za su aiko da injin markaɗe, wanda tun yanzu Adda ta ce ba zai kai dutsen niƙa ba. Har yau akwai masu kira su ce daga Sa'adiyya, ita ta Kaduna Allah ya sa ta ci lafiya.

Saboda haka, Kawu, ba sai ka ƙara komai ba, abin da kake yi ma Allah ya biya ka. Zancen cire Adda daga waya kuwa, ga lambarta nan a hannunka, ka kira ka faɗa mata da kanka, ni dai ba zan shiga tsakani ba. Roƙona ɗaya ne, kuma don girman Allah ka riƙe shi. Na san ka da tsokana, na san kana gama karanta wannan hannunka zai yi ƙaiƙayi ka kira ta ka ce ashe Adda an iya faɗin suna. Kada ka yi. Kada ka faɗa wa Inna Mero ma in ka san za ta yi mata zancen. In ta san ya fita daga gidan nan, kunya za ta hana ta haɗa ido da ni har Babbar Salla, ni kuwa yanzu ne muka fara zama tabarma ɗaya muna tsince shinkafa.

Ka gaishe mini da Inna Mero da kyau, ka ce mata daddawar ta Gwaggo ce, ba ta kasuwa ba. Ka gaishe da Muhammad Auwal da Fa'izu da amaryarsa, Allah ya sauke ta lafiya. Gwaggo 'Yardada tana gaishe ka, ta ce ko ka manta hanyar Kano ne. Sa'adiyya da maigidanta suna gaisuwa, Nazeer da Nana Hadiza suna miƙa tasu. Ina cikin rubutun nan Adda ta ɗaga labule ta tsaya, ta ce ke, in takardar Hambali ce a gaishe shi, a ce ya rage shan sanyi. Ke ɗin dai ta dawo, kamar ba a yi komai ba. Na amsa mata da to, Adda, ta ɗan jima a bakin ƙofar kafin ta saki labulen.

Allah ya kai mu azumi lafiya, ya sada mu da alheri. Wassalam.

'Yarka,
Mardiya.